Halidu Mai Riƙon Igiya

Halidu ɗan Nomau bai taɓa shiga rami ba. Shekara ashirin da shida ya yi yana aikin rami, rijiyoyi da farko, daga baya magudanun ruwan Yamai, amma ƙafarsa ba ta taɓa wuce baki ba. Shi mai riƙon igiya ne. Mai shiga ɗan baffansa ne, Alu, wanda ya girme shi da shekara huɗu, gajeren mutum siriri mai ƙananan kafaɗu, irin jikin da ake so a sana'ar gidansu.

An haife su a wani ƙauye na arewacin Gobir, inda ruwa ke da nisa, sai an yi gaba talatin ko fiye kafin a ga laima. Gidansu gidan mahaƙa rijiya ne tun kakanni. Yara in sun tasa, tsofaffi sukan dubi jikinsu su raba su: wannan na ciki, wannan na baki. Halidu ya taso da faɗin ƙirji da manyan hannuwa, ga shi ba ya son surutu, sai aka ce na baki ne. Aka haɗa shi da Alu tun bai fara gemu ba.

Aikin yana da ƙa'idodinsa, ba su da yawa. Na baki ba ya zama, ba ya cin goro, ba ya amsa gaisuwa muddin mutum yana ƙasa. Shi ke ɗaura wa na ciki igiya a ƙugu da hannunsa, ba wani ba. Kuma yana da magana guda wadda ake faɗa sau ɗaya tak: ranar da ya ce ba zai ɗaura ba, na ciki ya gama shiga rami ke nan har ya mutu. Ba a tambayar dalili, ba a kai ƙara gun kowa, ba a nemo wani ya ɗaura. Tsofaffi sun yi haka ne don sun san na ciki ba ya taɓa cewa ya gaji. Sai dai igiya ta gaya wa mai riƙonta.

Da rijiyoyin siminti suka fara shigowa ƙasarsu, da ma'aikatansu da ƙarafunansu, aiki ya ja baya. A shekarar 1954 suka hau bayan kamiyon albasa suka zo Yamai. Suka kama ɗaki a Gamkalley, suka yi wata uku suna dakon katakai a kasuwar Katako. Halidu yana ɗaukar huɗu, Alu yana ɗaukar biyu yana mita.

Yamai a lokacin ba babban gari ba ne. Amma ya riga ya fi ƙarfin magudanunsa. A ƙarƙashin hanyoyi akwai bututun siminti da nasara suka binne tun garin yana ɗan ƙarami, bakinsu bai wuce kamu ɗaya da 'yan yatsu ba. Gidaje suka ƙaru, rufin kwano ya ƙaru, ruwan da a da yashi ke shanyewa ya koma gudu a titi. Bututun kuwa ba su ƙaru ba. Yashi ya cika su, da tsummoki, da kara, da mushen kaji. Kowace bazara sai an yashe su kafin ruwa ya sauka, kuma ba mai yarda ya shiga. Ana dai zura dogon ƙarfe daga baki ana zungura.

Shef ɗin leburorin da ke yashe su, wato shugabansu, wani Bazabarme ne ɗan Yamai, Isaka, mai babbar murya da Hausar kasuwa. Shi ya hango Alu wata safiya yana wucewa da katako a ka. Tsakanin Zabarmawa da Gobirawa akwai wasa, kowa na kiran ɗan'uwansa bawa, ba mai fushi.

"Kai, Bagobiri! An yanyanka maka fuska, an kuma hana ka abinci. Zo nan. Za ka iya shiga wannan?"

Alu ya aje katako, ya duƙa ya leƙa. "Wanga? Mu da munka saba shiga a tsaye, wanga ai gado ne."

"To shiga, bawana."

"Sai da na baki."

"Wane na baki kuma? Mutum ɗaya nake so."

"To nemi Bazabarme ya shigar maka. Ku ne kunka iya kwanciya."

Isaka ya yi dariya har ya dafa bango. Ya ɗauke su su biyu.

Haka suka yi shekara goma. Alu yakan shiga rub da ciki, da gajeren wando da 'yar fartanya, yana tara yashi cikin wani faffaɗan gwangwani da leburori ke ja da wata igiyar daban. Halidu yana tsaye a baki, igiyar rama da ya tufka da kansa tana bin tafin hannunsa a jiƙe, don cikin bututun ba ya rabo da laka ko da rani. Muryar Alu takan fito daga ciki da kauri kamar ta wani ƙato, har mata masu wucewa su yi salati su ƙara sauri. Da ya gane haka, sai ya mayar da bututu wurin zagin Isaka, unguwa duk tana ji. Isaka ya duƙa a baki ya rama. Halidu ba ya dariya. Ba ya cikin ƙa'ida a yi dariya.

Bututu goma sha ɗaya ne a hannunsu. Goma gajeru ne, daga wannan gefen hanya zuwa wancan, kana hango haske. Na Katako ne daban. Ya faro daga ƙarƙashin hanya, ya bi ta ƙarƙashin rumfunan masu katako da aka kafa a kansa daga baya, ya yi kwana ta hagu, sannan ya ɓulla a gangaren kwari. Tsawonsa gaba ashirin da bakwai. In Alu ya kai kwanar, igiya takan yi nauyi ta fara gurzar siminti. A daidai wurin Halidu ya ƙulla jan tsumma a jikinta, don ya riƙa tunawa: in tsumman nan ya shige baki, ba a fizgo mutum da ƙarfi, siminti zai yanke igiya ko ya karya mutumin. Daga nan sai dai ya fito da kansa.

Aka samu mulkin kai. Tuta ta sauya, nasaran da ke kula da hanyoyi ya tafi, aka kawo wani saurayi, Mushe Amadou (Mushe shi ne Malam a bakin Faransa), wanda ya yi karatun aikin hanya a Bamako. Shekarunsa ashirin da huɗu, yana da keke da metir mai naɗewa cikin jakar fata, kuma yana gaida leburori da hannu biyu, abin da ya sa suka daɗe ba su yarda da shi ba. Daminarsa ta biyu aka yi wani ruwa na awa uku. Bututun suka toshe, ruwa ya haye hanya, ya kwashi katakan mutane ya kai kwari, katangu suka zube a unguwa biyu. Bayan haka biro, wato ofishin ayyuka, ta yanke cewa a tone ƙananan bututun duka a gina dalo a madadinsu, wato magudana mai kusurwa huɗu, da faɗin da jaki zai bi da kayansa.

Aka fara da gajerun. Ɗaya bayan ɗaya, rani biyu ana yi. Duk wanda aka gama, Alu yakan je ya tsaya a baki, ya dubi faɗinsa, ya ce, "Wanga kuwa ko Isaka ya shiga da tumbinai."

A bazarar 1963, ana tsakiyar wannan aiki, aka yashe na Katako kamar kullum. Ranar ce Halidu ya ji abin a hannunsa. Igiya in mutum na rarrafe takan tafi ta tsaya, ta tafi ta tsaya. A wannan shekarar tsayawar ta fi tafiyar yawa. Bayan jan tsumma ya shige, akwai wani wuri da ta kwanta ɗif. Halidu ya karanta Ƙulhuwallahu a ransa, ya maimaita, ya sake maimaitawa har ya daina ƙirga. Ba shi da ikon ja. Can ta motsa. Alu ya fito leɓunansa kamar an shafa toka, ya zaga bayan katanga ya yi tari mai tsawo, ya dawo ya zagi Isaka kamar yadda ya saba. Bai dubi Halidu ba.

Bayan kwana biyu Jamila matar Alu ta tare shi a bakin ƙofa da ƙwaryar wanke-wanke a hannu. Ba ta ɗaga murya ba.

"Yayanka fa ba shi iya kwantawa, sai a jingine. Ni dai na gaya maka. Ba ni na gaya maka ba."

Halidu ya yi lissafinsa. Saura bututu huɗu a lokacin, na Katako na ƙarshe. In aka tone shi kafin bazara mai zuwa, Alu ba zai sake shiga ba, shi kuma ba sai ya faɗi maganar nan ba. Ramuka za su ƙare da kansu. Alu zai zama mai shiga wanda aiki ya ƙare masa, ba wanda aka hana ba. A wajen mutanen gidansu waɗannan abu biyu ne masu nisa da juna. Duk ranin nan Halidu yana bin shantiye, wato wurin ginin, da ido, yana ƙirga buhunan siminti da ke sauka daga kamiyo kamar nasa ne.

Aka gama goma. Watan Afrilu na 1964 aka iso Katako, sai aiki ya tsaya. Ba takardar da ta nuna inda bututun ya bi. An duba biro, an duba akwatunan da nasara ya bari, babu. Ana ganin bakinsa, ana ganin ƙarshensa, amma ba a san inda ya yi kwana ba, kuma a tsakani akwai rumfuna tara da tulin katakai da sai an yi sati ana kwasa. Masu katako suka ce ba mai ɗaga ko ƙusa sai an nuna masa cewa ta ƙarƙashinsa abin ya bi. Biro kuma ta ce ba ta sakin ƙarfe da siminti sai ta ga zane. Ruwa saura sati biyar ko shida.

Ranar Litinin Mushe Amadou ya tara su a bakin bututun, ya jingine kekensa.

"Bon. Abu mai sauƙi ne. Baba Alu zai shiga da bakin metir da ɗan guduma. In ya kai kwana sai ya bubbuga sama. Ni ina waje da sandar ƙarfe a ƙasa, kunnena a kai. Inda na ji, nan ne. Awa ɗaya mun gama."

"Awa ɗaya?" in ji Alu. "Mushe, kai dai gyara kunnenka."

Sai Halidu ya yi magana. Leburori suka juyo, don wasunsu ba su san muryarsa ba.

"Mushe, ba sai ya shiga ba. Igiya ta san wurin."

Ya kwance ta daga kafaɗa, ya nuna jan tsumman, ya ce daga baki zuwa nan shi ne nisan kwanar. Amadou ya juya tsumman a hannu, ya dubi Isaka.

"Shekara goma," in ji Isaka. "Bagobiri ba ya da wayo, amma wannan ba ya ƙarya. Ƙarya sai da magana."

Aka kafa turke a saman baki, Amadou ya leƙa ya daidaita layi, aka ja igiyar a ƙasa ta tsakanin tulin katakai. Mutane suka bi ta a baya kamar ana rakiyar amarya. Jan tsumman ya faɗi daidai kan murhun wata mata, Zeinabu, mai tuyar fari masa da sayar da kopto, wato kwaɗon ganye, wadda ta shekara bakwai a wurin. Ta dubi tsumman, ta dubi Halidu.

"Duk faɗin kasuwar nan igiyarka ba ta ga kowa ba sai ni? Walla Bagobiri bai taɓa zuwa da alheri ba."

"Kala suuru, Inna," in ji Amadou, yana ba ta haƙuri da Zabarmanci. "Kwana biyu ne."

Aka kwashe tukwanenta zuwa inuwar wata bishiyar bedi. Aka tona ranar, aka tona Talata. Jar ƙasa, yashi, wata tsohuwar kwalba. Ran Laraba ramin ya shanye mutum a tsaye har da ɗaga hannu, an faɗaɗa shi hagu da dama, diga ba ta taɓa siminti ba. Masu katako suka zo suka tsaya a baki suna ba da shawara. Zeinabu tana aiko da magana daga gindin bedi, wai in sun kai ruwa a ɗebo mata.

Amadou ya cire hularsa ya share gumi. "Baba Halidu, ban ce ba ka san aikinka ba. Amma rami ya ce babu. Litinin ake son zane. Ba ni da wata hanya."

"Gobe da sanyin safiya," in ji Alu. Fuskarsa a sake take. Ya daɗe bai yi murna haka ba.

Alhamis tun rana ba ta yi zafi ba aka taru. Alu ya tuɓe riga ya ninke ya ɗora a kan dutse. Ya ɗaure kai da tsumma, ya karɓi guduma ya soke a ƙugu, ya ɗan yi wa Isaka ba'a a kan takalmansa. Sannan ya juya wa Halidu baya ya ɗaga hannuwa, yadda ya saba yi tun suna samari. Halidu yana riƙe da bakin igiya. Daga inda yake tsaye yana ganin haƙarƙarin Alu suna shiga suna fita, ga shi ko rarrafen ba a fara ba.

"Halidu, rana na yi."

Halidu bai matsa daga inda yake ba.

"Ko hannunka ya mutu?"

"Yaya, ba ni ɗaurawa."

Alu bai sauke hannuwansa nan da nan ba. Ya bar su a sama kamar bai ji ba. Sannan ya sauke su a hankali.

"Me ya ce?" in ji Isaka. "Kai, yau kuma wane wasa ne? Kawo nan, ni in ɗaura. Ɗaurin igiya har wani karatu ne? Na ɗaure jaki, na ɗaure jirgi a bakin gulbi, balle ɗan Bagobiri kamar tsinke."

Ya miƙa hannu. Alu ya juyo.

"Shef, kar ka taɓa ta."

Shekara goma bai taɓa kiransa Shef ba tare da ya liƙa masa wani abu a baya ba. Isaka ya janye hannunsa.

"Baba Alu, ba ka da lafiya ne?" in ji Amadou.

"Lafiyata lau."

"To Baba Halidu, me ya faru?"

"Ba a tambayarsa, Mushe," in ji Alu. "Haka abin yake."

Ya zare gudumar ya miƙa wa Amadou ta ƙota. Ya kwance tsumman kansa, ya sa riga, ya ɓalla maɓallai duka har na wuya. Ya hau gangare zuwa hanya. A tsakiya ya tsaya yana duban wani tulin katako kamar mai son saye. Kowa ya ga abin da ya tsayar da shi, ba wanda ya faɗa. Da ya huta ya wuce.

Amadou ya zauna a kan buhun yashi da takarda a gwiwa. Abin da ya rage shi ne a yanka dogon rami a gicciye, a ɗaga rumfuna huɗu ko biyar a kan ƙila. Isaka ya tafi ya fara gaya wa masu katako, nan da nan hayaniya ta tashi daga can. Halidu ya koma bakin ramin da aka tona a banza, ya zauna, yana naɗe igiya a gwiwar hannu. Nan Zeinabu ta same shi, ta zo duba abin da ya rage na murhunta.

"Bagobiri, ka tone mini wuri, ka kori ɗan'uwanka, yanzu ka zauna kana lallashin igiya. Wa zai cike mini wannan?"

Halidu ya ci gaba da naɗe igiyarsa.

"Ni dai tun ran nan nake mamaki. Shekara bakwai ina ganin ku. Duk ran da kuka fito da abin nan daga rami jiƙe take sharkaf, tana wari, har in ce ku matsa da ita daga kayana. Ran Litinin kuma kuka shimfiɗa ta a bushe ƙamas."

"To sai mi?"

"Sai mi? Kai ba ka taɓa shanya ba? Igiyar shanyata in ruwa ya dake ta tsukewa take, har ta karkato da turke. In ta bushe ta saki, zane na jan ƙasa."

Hannun Halidu ya tsaya. Amadou, da ke jin su, ya taso.

"Inna, me ya hana ki faɗa tun ran nan?"

"An tambaye ni? Ku ne masu metir. Ni cewa aka yi in kwashe tukwanena."

Ba wai Halidu bai san haka ba. Shi ya tufka igiyar, kuma duk yaron ƙauye ya san rama tana tsukewa in ta sha ruwa. Amma a jiƙe hannunsa ya san ta, a jiƙe ya ƙulla tsumman, kuma bai taɓa samun dalilin auna ta a bushe ba. Bai zo masa a rai cewa tsawonta biyu ba ne.

Aka tsoma ta cikin tano, gangar ruwan Zeinabu, ita tana faɗin wanda zai cika mata shi. Aka bar ta har azahar. Aka sake kafa turke, aka ja. Jan tsumman ya faɗi tazarar gaba guda da 'yan kai kafin ramin farko, a wani lungu tsakanin tuli biyu inda ba rumfar kowa. Ran Litinin sun zarce kwanar ne, suka yi ta tona inda bututun ya riga ya kauce. Juma'a da la'asar diga ta yi ƙara a kan siminti. Aka share, ga kwanar, ta karkata hagu yadda ya faɗa. Da aka fasa samanta aka tarar da yashi rabi, kamar kowace shekara. Ba abin da ya rufta, ba abin da ya tsage. Ba abin da zai nuna cewa da Alu ya shiga ba zai fito ba, ba kuma abin da zai nuna zai fito.

Amadou ya yi zanensa a ranar. Rumfuna uku kawai aka ɗaga.

Lahadi da hantsi Halidu ya je ɗakin Alu, wanda katanga ɗaya ce ta raba shi da nasa. Ya yi sallama sau biyu kamar baƙo. Jamila ta shimfiɗa masa tabarma ta koma wajen murhu, inda za ta ji komai. Alu yana jingine da bango yana gyaran wani tsohon kwando.

"An ce an samu kwanar."

"An samu."

"An ce mai tuya ta gwada maka aikinka."

"Ita ta gwada."

Alu ya ja zaren kaba da haƙori ya tofar. "Da ka jiƙa ta ran Litinin, da ba ka faɗi abin da ka faɗa ba ran Alhamis."

"Da ban faɗa ba."

"Kwana uku, Halidu. Da yanzu ni mai shiga ne da ramuka sunka ƙare mai. Yanzu ko ni ne wanda anka hana, gaban Zabarmawa, gaban mai tuya. In labari ya kai gida, haka za a faɗe shi."

"Na sani, Yaya."

"Ka sani."

A waje wani yana tallan gawayi da Zabarmanci.

"Bara," in ji Alu, bai ɗago ba, "bayan kwanar bututu, sau nawa ka ji na tsaya?"

"Bakwai."

Alu ya yi wata 'yar dariya da ta koma tari. Sai da ya lafa ya ce, "Tara. Biyu ina kaɗa ƙafa don igiya ta yi rawa."

Halidu ya dubi tafin hannunsa.

"Ke, ba shi ruwa ya sha," in ji Alu. "Ya zauna mini nan kamar an aiko shi ta'aziyya."

Maganar ba a janye ta, ba kuma wanda ya gwada janyewa. An gama dalon Katako sati biyu bayan ruwan farko, ana aiki ana duban gabas. Babban ruwan watan Agusta ya bi ta ciki ya wuce kwari, hanya ba ta yanke ba. Mutane suka taru a kai suna kallo, Isaka yana ta ihu kamar shi ya yi ruwan. Alu bai zo ba. Ko daga baya, in hanya ta biyo da shi Katako, ta bayan masu kwano yake zagawa.

Wani maƙwabcinsu mai garka, wato lambu, a bakin gulbi ya ɗauke shi dashen salati da kula da iri, aikin da ake yi a zaune. Labari ya kai gida yadda ya ce zai kai. Bai sake zuwa ƙauye ba, ko da sallah. Shi da Halidu suna gaisawa, suna zuwa suna da biki tare, wani lokacin su zauna a ƙofar gida har la'asar ba wanda ya ce uffan. Mushe Amadou ya sama wa Halidu gadin ma'ajiyar siminti, inda ba a bukatar mai magana. Ya riƙe aikin har ƙarfinsa ya ƙare.

Alu ya yi shekara tara bayan wannan. Ya rasu ranar wata Laraba da rana tsaka, Jamila na gefensa tana tsintar wake. Isaka ne ya je ma'ajiya ya gaya wa Halidu, ya tsufa shi ma, muryar ta ragu. Halidu ya yi salati, sannan ya tambayi abu ɗaya.

"A ina?"

"A ina kuwa? A ɗakinsa."

"To," in ji Halidu. Ya tashi ya nemi wanda zai tsare masa ƙofa.